Eyes on Exoplanets: Taswirar NASA ta Duniyoyin Nesa, Ina Awo Ya Tsaya Ina Zane Ya Fara?

Duk mai hawa Facebook ko mai zama a zaurukan WhatsApp na makarantu a Kano ya taɓa cin karo da irin hoton nan: wata duniya shuɗiya mai farin gajimare, ko wata ja jawur kamar garwashi, a ƙasa an rubuta cewa masana sun gano sabuwar duniya irin tamu. Ɗalibai kan kai wa malaman kimiyya hoton su tambaya, wai da gaske haka take? Wuri mafi sauƙi da za a kai mai wannan tambaya shi ne manhajar Eyes on Exoplanets, wadda cibiyar JPL ta hukumar NASA da ke Kalifoniya ta gina. Kyauta ce, ba a sayen lasisi, ba a buɗe asusu. Aiki ne mai kyau ƙwarai, kuma ya dace kowane malamin Fiziks da na Jogirafi ya san ta. Sai dai tana da aibi guda babba: abin da aka auna, da abin da aka kintata, da abin da mai zane ya ƙaga, duk da kyau iri ɗaya take nuna su, har wanda bai san fannin ba ya kasa rarrabewa.

Adireshinta eyes.nasa.gov/apps/exo. A da sai an sauke ta a kwamfuta, yanzu a cikin burauza take aiki, a waya ko a laftof. A buɗe ta da Chrome ko Firefox ko Edge. Wanda ya buɗe da Opera Mini alhali ya kunna tsimin data mai tsanani ba zai ga taswirar ba, domin wayar ce da kanta ke haɗa hoton mai tsawo da faɗi da zurfi ta hanyar fasahar WebGL, shi kuwa wancan tsari yana matse shafin ne a can wajen kamfanin kafin ya turo shi. Ƙananan wayoyi masu ƙarancin RAM kan riƙa sarƙewa idan ana juya taswirar, su ɗau zafi, batir ya zube, musamman a zafin Afrilu. Maganinsa a rufe sauran manhajoji, a cire wayar daga rigarta. Mafi daɗi dai laftof mai linzami, in da hali a haɗa da majigi. Malamin da zai nuna wa aji ya buɗe duniyoyin da zai yi magana a kansu tun kafin ɗalibai su shigo, kowacce a shafinta, saboda manhajar ba ta aiki sai da intanet, kuma duk sabuwar duniyar da aka taɓa sai ta sauko da hotonta. Da Turanci take, babu Hausa, don haka fassara tana wuyan malami.

A ciki akwai dukkan duniyoyin da ke zagaya wasu taurari ban da Rana da NASA ta tabbatar, waɗanda adadinsu ya haye 5,000 a watan Maris na 2022, ya haye 6,000 a Satumban 2025. Bayanan daga rumbun NASA Exoplanet Archive da ke jami'ar Caltech ake ɗauko su. Ana rubuta sunan duniya a wurin bincike, manhajar ta tafi da mutum can, ya zaɓi ko duniyar zai kalla, ko tauraronta, ko gidan gaba ɗaya da falakin kowace duniya, wato hanyar da take bi tana zagaya tauraron. Ana iya jera ta kusa da tamu ko kusa da Mushtari (Jupiter) don a ga bambancin girma, ana iya ɗora falakinta kan na tsarin ranarmu. Akwai kuma lissafin tsawon tafiya, wanda yara suka fi so. Proxima b, mafi kusa da mu, tana nisan shekarar haske 4.24 (nisan da haske ke ci a shekara 4.24), wato kilomita tiriliyan 40. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa ba tsayawa za ta shafe fiye da shekara miliyan 45, kumbon Voyager 1 mai gudun kilomita 17 a daƙiƙa zai yi wajen shekara 75,000. Wannan ɓangaren ba shi da matsala, raba lamba ne da lamba.

Abin da ya kamata a fara nuna wa aji shi ne a ja taswirar baya sosai har Rana ta koma ɗigo. Za a ga duniyoyin ba su bazu ko'ina daidai ba. Dubbai sun taru a hanya ɗaya, sun miƙe kamar hasken tocila cikin ƙura. Mai kallo zai zaci can ne duniyoyi suka fi yawa, alhali can ne kawai aka fi dubawa. Na'urar hangen nesa ta Kepler, wadda aka harba a Maris na 2009 ta daina aiki a Oktoban 2018, ta yi shekara huɗu na farko tana kallon fili ɗaya a sama, wanda bai wuce faɗin dunƙulen hannu ba idan an miƙe shi, tana sa ido kan taurari kusan 150,000. Daga ita kaɗai aka tabbatar da duniyoyi sama da 2,600. Taswirar ta inda aka haska ce, kuma manhajar ba ta fito fili ta faɗi haka ba.

Yanzu ga batun daidaito, wanda shi ne ainihin abin dubawa.

Wurin da tauraro yake da nisansa abin amincewa ne. Ana auna nisan ne da ɗan gocewar da tauraro ke yi a ido idan an kalle shi yau, aka sake kallonsa bayan wata shida lokacin da duniyarmu ta koma ɗaya gefen Rana. Kumbon Gaia na Turai, wanda aka harba a Disamban 2013 ya kammala aiki a 2025, ya yi wannan awo ga taurari sama da biliyan ɗaya. Ga tauraro mai haske da ke nisan shekarar haske 100, kuskuren bai kai kashi 1 cikin 500 ba. Idan nisa ya kai dubbai, kuskuren kan haura zuwa kashi 2 ko 3 cikin ɗari ko fiye, domin gocewar tana ƙanƙancewa.

Tsawon shekarar duniya ma haka, wataƙila ma shi ne lamba mafi inganci a shafin. Idan duniya tana gifta gaban tauraronta sau ɗaruruwa ana ƙirgawa, ana sanin tsawon zagayenta har zuwa daƙiƙa. Amma ga wanda zai shirya kallo, ƙaramin kuskure yana taruwa. A ɗauka duniya tana zagaye cikin kwana 3, kuma an yi kuskuren daƙiƙa 10 a awon. Bayan shekara 10 ta yi zagaye fiye da 1,200, kuskuren ya zama sama da awa 3. Mai na'ura zai zauna jiran giftawa bayan ta riga ta wuce. Shi ya sa ake sake auna tsofaffin duniyoyi a kai a kai.

Girma kuwa sai an yi hattara. Wajen kashi uku cikin huɗu na duniyoyin da ke cikin manhajar ta hanyar giftawa aka gano su, wato ba a gan su ba, an dai ga hasken tauraro ya ɗan ragu na 'yan awoyi ya dawo, kuma hakan na maimaituwa a kan lokaci. Mushtari in ya gifta gaban Rana zai rage haskenta da kashi 1 cikin ɗari. Duniyarmu kuwa kashi 84 cikin miliyan kawai za ta rage. A kwatanta da buhun masara mai kilo 100 a Kasuwar Dawanau: Mushtari ya ɗebi kilo ɗaya, tamu ta ɗebi giram 8.4, abin da bai cika cokali ba, kuma ana so sikeli ya gane. Abin da raguwar ke bayarwa shi ne girman duniya gwargwadon girman tauraronta. Idan an yi kuskure wajen girman tauraron, kuskuren kai tsaye yake sauka kan duniyar. Kafin 2017, girman taurarin Kepler da yawa kintace ne mai faɗi. Da aka sake auna su da manyan na'urorin ƙasa, sannan bayanan Gaia suka fito a 2018, kuskuren girman duniyoyi masu yawa ya sauko zuwa wajen kashi 5 cikin ɗari. Gyaran ne ya bayyana wani abu da ya ɓoye a da: duniyoyi masu faɗin ninki 1.5 zuwa 2 na tamu ba su da yawa, akwai giɓi tsakanin masu duwatsu da masu kaurin iska. Wani abin da ke ɓata awon shi ne tauraro na biyu da ya laɓe kusa da na farko. Haskensa yana cika gurbin da ya ragu, sai duniyar ta fito ƙarama fiye da yadda take. Kuma hanyar tana aiki ne kawai idan falakin ya daidaita da idonmu. Ga duniya mai falaki irin na tamu, damar hakan kusan ɗaya ce cikin 200.

Nauyi ya fi wuya. Ana samunsa ne daga rangajin tauraro: duniya tana jan tauraronta, yana ɗan matsowa yana ɗan ja da baya, launin haskensa yana sauyawa kaɗan. Da wannan dabara Michel Mayor da Didier Queloz suka gano 51 Pegasi b a 1995 daga wata cibiya a kudancin Faransa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2019. Mushtari yana sa Rana rangaji na mita 12.5 a daƙiƙa. Tamu santimita 9 kacal, tafiyar da ko rarrafen jariri ya fi ta sauri. Na'urar HARPS da ke ƙasar Cile tana auna wajen mita ɗaya a daƙiƙa, ke nan tagwayen duniyarmu da ke zagaya tauraro irin Rana har yanzu suna ƙasa da abin da take ji. Sannan awon yana ba da mafi ƙarancin nauyi ne kawai, saboda ba a san yadda falakin ya karkata ba. In karkatar digiri 30 ce, ainihin nauyin ninki biyu ne na abin da aka rubuta. HD 114762 b, da aka gano a 1989, an daɗe ana lissafa ta cikin duniyoyi da nauyin Mushtari 11. Da bayanan Gaia suka zo, sai ta tabbata ƙaramin tauraro ne da muke kallon falakinsa kusan daga sama.

Don a ce duniya ta dutse ce ko ta ruwa ko ta iska, sai an sami girma da nauyi duka biyu, a lissafa yadda jikinta ya danƙare. Tamu giram 5.5 ce a kowane santimita kubik, Neftun 1.6, Mushtari 1.3. Lissafin yana ninka faɗi sau uku, don haka kuskuren kashi 10 a faɗi ya zama wajen kashi 30 a danƙarewa. Duniyoyi da yawa kuma abu ɗaya kawai aka auna musu. Proxima b, da aka sanar a 2016, ba a ga tana gifta gaban tauraronta ba. An san shekararta kwana 11.2 ce, an san nauyinta aƙalla ya ɗan ɗara na tamu. Faɗinta ba wanda ya auna. Lambar da ke shafin an ciro ta ne daga jadawalin da ke cewa duniya mai nauyi kaza yawanci faɗinta kaza. Inda aka yi sa'a shi ne gidan TRAPPIST-1, mai nisan shekarar haske 40, wanda aka sanar da duniyoyinsa bakwai a Fabrairun 2017. Dukkansu suna giftawa, kuma sun matsu da juna har suna jan juna, kowacce tana ɗan makara ko ta yi sammako a giftawarta. Daga wannan makara aka fitar da nauyinsu da kuskuren kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. A manhajar, Proxima b da duniyoyin TRAPPIST-1 kyansu ɗaya, alhali sanin da aka yi musu ba ɗaya ba ne.

Sai fuskar duniyar, wato abin da ke jan ido. Babu ko ɗaya cikin 6,000 ɗin da aka taɓa ganin doronta. Manhajar tana rubuta cewa hoton hasashen mai zane ne, amma rubutun ƙarami ne, hoton kuwa ya cika fuska yana juyawa, kuma ido hoto yake bi. Dalilin rashin ganin a fili yake. Duniya mai girman tamu a nisan Proxima, ƙanƙantarta a ido daidai take da mutum ya hau Dutsen Dala ya ce zai hango abin da bai kai ƙwayar gero ba da aka ajiye a Makka. Ga kuma hasken tauraro a gefe: Rana ta fi duniyarmu haske sau biliyan 10. Waɗanda aka ɗauki hotonsu kai tsaye ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba, kuma manya ne, matasa masu zafi, masu nisa da taurarinsu, irin guda huɗun HR 8799 da aka gani a 2008 da 2010. Su ma ɗigon haske ne kowacce, ba gajimare, ba tudu, ba teku.

Duk da haka akwai taswirori na gaske, kuma abin takaici ne yadda manhajar ba ta ba su muhimmancin da ta ba zane ba. Manyan duniyoyin iska da ke dab da taurarinsu ana ɗaukar fuska ɗaya suke ba tauraron kullum, kamar yadda Wata ke ba mu fuska ɗaya. Yayin da irin wannan duniya ke zagaye, wani lokaci ɓangaren ranarta ne ke fuskantarmu, wani lokaci na darenta. Idan aka auna hasken zafi na tsawon zagaye, za a ga yana hawa yana sauka, daga nan a yanka duniyar gida-gida daga gabas zuwa yamma kamar ɓawon lemo, a ba kowane yanki zafinsa. Heather Knutson da abokan aikinta ne suka fara yin haka a 2007 da na'urar Spitzer, a kan HD 189733 b mai nisan shekarar haske 64. Sun sami wajen digiri 930 a ma'aunin Salshiyos a ɓangaren rana, wajen 650 a ɓangaren dare, kuma wuri mafi zafi ba ya ƙarƙashin tauraron daidai, ya goce gabas, alamar iska mai ƙarfi tana kwashe zafin. A 2013 na'urar Hubble ta auna launinta, ya fito shuɗi mai duhu. Ke nan shuɗin da ke jikin wannan duniya a manhajar yana da tushe, zanen guguwar da ke kansa ne ba shi da shi. A 2024 an yi wa WASP-43 b irin wannan awo da na'urar James Webb: rana wajen digiri 1,250, dare wajen 600, iska mai gudun kusan kilomita 8,000 a awa, kuma alamu sun nuna gajimare ya rufe ɓangaren dare.

Wannan hanya gabas da yamma kawai take bayarwa. Don a sami arewa da kudu sai an jira duniyar ta shige bayan tauraronta. Bakin tauraron yana rufe ta sannu a hankali cikin 'yan mintuna, yanki bayan yanki, kuma yadda hasken ke raguwa yana nuna inda ya fi haske a fuskarta. An yi wa WASP-18 b haka da James Webb. Taswirar da ake samu manyan tabo ne kaɗan, wuri mai zafi a tsakiya da zobe mai ɗan sanyi a gefe, kuma taswirori daban-daban na iya haifar da raguwar haske iri ɗaya, don haka sai an haɗa da lissafin yadda iska ke tafiya kafin a zaɓi ɗaya. Iyakar fasahar ke nan a yau.

Koren zoben da manhajar ke zanawa kewaye da tauraro, wanda ake kira yankin da za a iya rayuwa, shi ne ya fi ruɗar mutane. Ma'anarsa kawai ita ce nisan da ruwa zai iya zama ruwa a doron duniya idan tana da bargon iska da ya dace. Bai ce akwai ruwan ba, bai ce akwai iskar ba. Watanmu yana cikin zoben Rana, ba iska ba rai. Zafin da ake rubuta wa yawancin duniyoyi lissafi ne da bai sa bargon iska a ciki ba. Irin lissafin yana ba tamu digiri 18 ƙasa da sifili, alhali matsakaicin zafinta 15 ne sama da sifili. Zuhura (Venus) faɗinta kashi 95 cikin ɗari na tamu, daga nesa za a ce tagwaye ne, amma doronta wajen digiri 465 yake. A 2023 James Webb ta auna zafin ranar TRAPPIST-1 b ta sami wajen digiri 230, abin da ke nuna da wuya tana da iska mai kauri. K2-18 b kuma, mai nisan shekarar haske 124, an sami iskar methane da kabon dayoksaid a jikinta a 2023. A Afrilun 2025 masu bincike daga jami'ar Kambirij suka ce sun ga alamar wani sinadari da a nan duniya ƙananan halittun teku ke fitarwa. Labarin ya zaga ko'ina, amma wasu masanan da suka sake duba bayanan sun ce alamar ba ta kai ƙarfin da za a dogara da ita ba.

Akwai ma duniyoyin da aka sanar sannan aka janye. Alpha Centauri Bb ta 2012 ta rushe a 2015, da aka gano cewa tsarin lokutan awon ne ya haifar da alamar. Gliese 581 g ta 2010, wadda aka yi ta zana mata tekuna, bincike na 2014 ya nuna tabon da ke jikin tauraron ne ya rikita lissafi. Fomalhaut b kuwa har hotonta Hubble ta ɗauka aka nuna a 2008, sai a 2020 aka ga ɗigon yana faɗaɗa yana dushewa, ashe ƙurar karon wasu manyan duwatsu ce. Janyewar ba abin kunya ba ce ga fannin, haka awo yake gyara kansa. Amma tsofaffin hotunansu har gobe suna yawo a wayoyi.

Maganin aibin manhajar shi ne a haɗa ta da rumbun da take ɗebo bayanai daga gare shi, exoplanetarchive.ipac.caltech.edu. Shi ma kyauta ne, rubutu ne da lambobi, ba ya cin data sosai, sai dai ya fi daɗi a laftof. A rubuta sunan duniyar a wurin bincike, shafinta zai fito da awon da kowace tawagar masana ta wallafa, kowace lamba da gejin kuskurenta a gefe, sama da ƙasa. Abu huɗu ake dubawa. Na farko hanyar da aka gano ta, giftawa ko rangaji ko hoto. Na biyu asalin lambar nauyi: in an rubuta Msini mafi ƙaranci ne, in an rubuta M-R relationship ba a auna ba, daga faɗi aka kintata. Na uku gejin kuskure: in ya kai kashi ɗaya cikin uku na lambar kanta, kada a gina magana a kai. Na huɗu alamar da ake sa wa duniyar da ake jayayya kan samuwarta. A kula, jadawali biyu ne a rumbun. Mai suna Planetary Systems yana jera awon kowace tawaga daban. Mai suna Composite yana cike guraben da babu awo da lissafi, kuma yana iya haɗa faɗi daga wannan bincike da nauyi daga wancan. Ɗalibin Jami'ar Bayero ko na Wudil da zai yi aikin kammala karatu ya yi amfani da na farko, ya sauke shi a matsayin CSV ya buɗe a Excel.

Ga mai son ganin taurarin da idonsa, Kano tana kan digiri 12 arewa, 8.5 gabas, matsayin da ke ba mu sararin arewa duka da mafi yawan na kudu. Don sanin abin da ke sama a daren nan, manhajar Stellarium ta kwamfuta ta fi dacewa da mu, domin da zarar an sauke ta ba ta neman intanet, kuma tana da ƙarin ɓangare da ke sa alama a kan taurari masu duniyoyi. Lokaci mafi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin hazon hunturu ya sauko. A ƙarshen Oktoba wajen ƙarfe 9 na dare, 51 Pegasi yana kusan tsakar ka, ya ɗan karkata arewa. Haskensa rauni gare shi, a cikin gari fitilun titi da na sola sun fi ƙarfinsa, sai da madubin hangen nesa na hannu mai lamba 10x50, ko a fita wajen gari ta hanyar Tiga inda duhu ya fi. A daidai wannan lokaci, kudu sak, digiri 48 daga ƙasa, ga Fomalhaut yana haske shi kaɗai ba mai tayawa. Sunan daga Larabci ne, famul hut, bakin kifi. Alpha Centauri yana leƙowa digiri 17 kawai sama da ƙasa ta kudu, wajen ƙarfe 11 na dare a watan Mayu, don haka sai wurin da gini bai tare ba. Proxima tana kusa da shi amma ido ba ya ganinta.

Darasi mafi amfani da za a yi da manhajar a ajin Nijeriya shi ne a nemo HD 43197. A 2019 Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta ba kowace ƙasa tauraro da duniya ta raɗa musu suna, Nijeriya ta sa wa tauraron Amadioha, duniyar kuma Equiano, sunan Olaudah Equiano, wanda aka sayar bawa a ƙarni na 18 ya 'yantu ya rubuta tarihinsa. Tauraron yana rukunin taurari ɗaya da Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi, ta kudu da ita, nisan shekarar haske wajen 200, kuma sai da na'ura ake ganinsa. A sa ɗalibai su buɗe Equiano a manhajar su rubuta duk abin da suka gani, sannan su buɗe shafinta a rumbun su ja layi ƙarƙashin abin da aka auna kaɗai. Za su tarar ta hanyar rangaji aka gano ta da na'urar HARPS, shekararta ta ɗan haura kwana 300, nauyinta aƙalla ya kai rabin na Mushtari. Faɗinta da launinta da ratsin gajimaren da ke juyawa a majigi, ko ɗaya layi ba zai hau kansa ba.